Mutum Goma Sha Huɗun da Suka Ɓace a Rajista

A asibitin unguwa, idan ka shiga ta ƙofar baya ka wuce famfon nan da ba ya daina ɗiga, akwai wani ɗaki mai benci huɗu da tebur ɗaya. Nan masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau ke zuwa karɓar maganinsu. A bayan teburin aka ajiye sabuwar ma'aikaciyar rajista, wadda a gida ake kira Auta, a asibiti kuma Mai Kati. Ba ta yin allura, ba ta ɗibar jini. Aikinta ta ciro katin mutum, ta rubuta ranar da ya zo da ranar da zai dawo. Duk bayan wata uku kuma ta haɗa alƙaluma ta aika wa hukumar lafiya: mutum nawa ne sababbi, nawa ke kan magani, nawa suka rasu, nawa suka ɓace.

Ɓata ɗin ma yana da ƙa'ida. Idan ranar mutum ta wuce da kwana ashirin da takwas bai zo ba, aka neme shi ba a same shi ba, sai a ƙirga shi a layin ƙarshe na fom. Hukuma ba ta tambayar suna, lamba kawai take so. Da lambobin nan take sanin yawan maganin da za ta turo, da inda cutar ke ƙaruwa, da inda take ja baya.

Ranar da aka ce an turo ta asibitin unguwarsu, Auta har rawa ta taka a tsakar gida. Ga aiki a ƙofar gida, ba hawa mota, ba makara. Ita kuwa irin mutanen nan ce da ba sa iya ganin mutum su bar shi ya wuce. Ta san wanda matarsa ta haihu, ta san wanda ɗansa ya faɗi jarrabawa, ta san wadda ta yi faɗa da maƙwabciya a kan igiyar shanya. Mutum yana shigowa za ta washe baki ta ce, "A'a, ku ne? Yaya mai jiki a gida? Yaran sun koma makaranta?" A ganinta kirki take yi, kuma kirkin ne, sai dai ba kowane ɗaki ne ake son a gane mutum a cikinsa ba. Wannan kam babu wanda ya koya mata a makaranta.

A mako na biyu da fara aikinta, wata safiyar Talata, ta ɗaga kai daga rubutu sai ta ga yayanta tsaye a bakin ƙofa. Yaya kafinta, babban wansu, wanda ya riƙa kai ta makaranta a kan keke tun ƙafarta ba ta kai feda ba. Idonsu ya haɗu. Ya ciro waya daga aljihu ya kara a kunne, alhali wayar ba ta yi ƙara ba, ya juya ya fita.

Da aka tashi aiki ta rufe ƙofa ta buɗe durowar kati. Ba ta daɗe tana nema ba. Sunansa ne, shekarar haihuwarsa ce. An buɗe katin shekara shida da suka wuce, a shekarar da matarsa ta rasu, kuma tun daga lokacin bai taɓa saɓa rana ba sai yau. Ta zauna a ƙasa ta jingina da durowar ta yi kuka mai isarta. Daga baya ta share fuska, ta mai da katin mazauninsa, domin ta yi rantsuwa ranar da aka ɗauke ta aiki cewa abin da ta gani a ɗakin nan a ɗakin zai tsaya.

Ta sa rai zai dawo washegari, ko ranar da ba ta nan. Bai dawo ba. Ta duba katin ta ga maganin da ya rage masa ba zai wuce na mako biyu ba. Makon biyun ya wuce, wani ya bi bayansa.

Akwai wata mata a asibitin da ake kira Mai Bibiya, ita ke bin gidajen waɗanda suka daina zuwa. Wata rana ta dawo da rana tsaka, ta zube a benci tana fifita da gefen mayafi, ta jefa wa Auta kati a tebur.

"Wannan kam na gaji. Wayarsa a kashe, na je adireshin an ce ya tashi yau shekara uku. Ko kin san shi? Ke da kika san kowa."

Auta ta kalli katin, na Yaya ne. Shagon Yaya bai fi tafiyar minti goma daga inda suke zaune ba. In ta faɗa, Mai Bibiya za ta je, shi kuma zai san bakin wa ya nuna hanya, zai san ƙanwarsa ta buɗe katinsa ta karanta. Ta san halinsa sarai. Mutumin da ko zazzaɓi ba ya yarda a gani a fuskarsa, in aka matsa masa zai iya rufe shagon ya bar garin.

Ta ce, "Ban san shi ba."

Duk ranar Lahadi suna haɗuwa a gidan Inna, mahaifiyarsu. Yaya yana zuwa kamar kullum, ya gaishe da tsohuwa, ya tsokani Auta, ya gyara duk kujerar da ya ga tana rawa. Maganar ƙofar asibiti kuwa ko da wasa bai taɓa ɗauko ta ba, ita ma ba ta ɗauko ba. Sai dai idonta ya koma na ma'aikaciya. Tana ƙirga lomarsa. Tana duba agogon hannunsa ko ya fara yi masa yawa. In ya yi tari sau ɗaya saboda ƙurar katako, sai ta juyo ta zuba masa ido.

Inna ta ce, "Ke Auta, lafiya kike ƙare wa yayanki kallo kamar za ki saye shi?"

Yaya ya ce, "Ƙyale ta, Inna. Tunda ta fara aikin asibiti kowa majinyaci ne a wurinta." Ya yi dariya, amma bai kalle ta ba.

Da wata uku suka cika ta zauna haɗa rahoto. Ta ƙirga waɗanda suka ɓace, ta sake ƙirgawa, ta kira Babbar Nas ta ƙirga mata. Goma sha huɗu. A rahoton baya, kafin zuwanta, mutum biyu ne kacal. Ta rubuta ɗaya da huɗu a layin ƙarshe, alhali ta san ɗaya daga cikinsu da shi ta ci abinci shekaranjiya, kuma ba ta san ko akwai sauran magani a jikinsa ba.

Taron duba alƙaluma a ofishin hukuma ake yinsa, a wani zaure mai fanka uku, ɗaya ce ke juyawa. Masu rajista daga asibitoci tara suka jeru a kujerun roba. Jami'in ƙididdiga, wanda a bayan idonsa suke kira Malam Jimla, ya kunna majigi ya tsaya da sandarsa. Mutum ne siriri mai son lamba fiye da abinci. In jimla ta ƙi daidaita, ranar ko gaisuwa ba ya amsawa da kyau.

Da ya iso kan asibitinsu Auta ya buga sandar a bango.

"Goma sha huɗu! Malama, mutum goma sha huɗu a wata uku? Ƙasa ce ta haɗiye su? Kin san abin da wannan lambar ke faɗa wa na sama da mu? Tana cewa mutanen unguwarku sun watsar da magani."

Auta ta miƙe tsaye. "Yallaɓai, mun nema."

"Ku ƙara nema." Ya danna hoto na gaba, fuskarsa ta ɗan saki. "Ga kuma inda ake aiki. Asibitin bayan tasha, sababbi goma sha tara. A da bakwai suke samu. A tafa wa Baba."

Mai rajistar asibitin ke nan, Baba Rula ake ce masa, saboda ba ya rubuta komai a rajista sai ya ja layi da rula. Shekararsa ashirin a kan teburin kati, gashinsa ya yi fari a kai. Aka fara tafi, sai ya ɗaga hannu ya miƙe a hankali yana dafa gwiwa.

"Yallaɓai, a dakata da tafin nan tukuna, kada in ci na banza. Ni dai sababbin nan nawa ban gane musu ba."

"Kamar yaya?"

"Ni na san sabo. Sabo in aka faɗa masa sakamako, ko ya yi kuka, ko ya yi shiru, ko ya ce na'urar ce ta lalace. Waɗannan kuwa ana faɗa musu sai su gyaɗa kai su ce, ina ake karɓar maganin? Akwai ma wata mata, nas na cikin koya mata yadda ake sha, sai ta ce, ba wannan robar ba, mai farin murfi ake ba ni. Ake ba ta a ina? Likitanmu ya yi shakka ya sa aka auna jinin wasunsu. Ƙwayar cutar a kwance take luf, kamar ta wanda ya shekara biyar yana shan magani."

Malam Jimla ya koma hoton baya, ya dawo na gaba, ya sake komawa. Ya ajiye sandar a tebur.

"To in haka ne, mun yi wa hukuma ƙarya sau biyu da mutum ɗaya. A can mun ce ya bar magani, a nan mun ce sabon kamu ne. Za a zauna a sama a ce cuta na ƙaruwa, mutane na gudun magani, alhali ko ɗaya bai faru ba." Ya nuna su biyun da yatsa. "Gobe ku zauna ku biyu, ku kulle ƙofa, ku gwada katunan nan ɗaya bayan ɗaya. Kada suna ko ɗaya ya fito daga ɗakin. Lamba kawai za ku kawo min."

Auta ba ta ji sauran abin da aka tattauna a taron ba. Abu ɗaya ke yawo a kanta, ko Yaya yana cikin goma sha taran nan.

Washegari da safe ta zuba katunanta goma sha huɗu a jaka mai zif, Babbar Nas ta sa hannu a takarda, ta hau mota biyu zuwa bayan tasha. Ɗakin Baba Rula ƙarami ne, yana can ƙuryar baranda, tagarsa na kallon katanga. Masu karɓar magani ba sa ma ganinsa, nas ce ke shigo masa da kati ta fita. Ya goge mata kujera da hankici, ya murza makulli.

Suka fara da sunaye, ba su samu ko ɗaya da ya dace ba. Auta ta ajiye biro ta fara tattara katunanta.

Baba ya ce, "Kwantar da hankalinki, 'yata. Wanda ya hau mota biyu don kada a gane shi, da sunansa zai zo? Bar suna. Duba can ƙasa, inda ake rubuta lambar wanda za a kira in wani abu ya faru. Mutum yana iya ƙirƙiro suna a tsaye, amma in nas ta ce ba ni lambar wani naka, wadda ya haddace ita ke faɗowa daga bakinsa."

Haka suka yi. Shi yana karanto shekara da tsawo da lambar waya, ita tana rubutawa a takarda tana dubawa a nata katunan. Na uku da ya karanto ya dace. Na biyar ma ya dace. Baba ya ja layi da rularsa ya ce, "Kin gani?" Kafin azahar sun gano mutum goma, duk suna raye, duk suna shan maganinsu, kowanne da sabon suna. Wata da ta san mijinta da 'ya'yanta ta rage wa kanta shekara huɗu, Baba ya ce wannan ba laifi ba ne, ko shi in aka ba shi sabon kati zai rage.

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Ta jera katunan goman a tebur tana kallo. Mai ɗinki ta layinsu. Direban da ke ajiye mota a ƙofar gidan Inna. Uwar ƙawarta. Babu ɗaya a cikinsu da ba ta taɓa tarba da fara'a ta tambayi mutanen gidansa ba.

"Baba, ni suka guje wa."

Bai ce mata a'a ba, domin shi ba mai shafa wa mutum mai a baki ba ne. "Ba ke suka ƙi ba, idonki suka ji kunya. Ai kin ga ba su gudu daga maganin ba, wannan shi ne babba. Ni ma da na fara aiki a bakin ƙofa aka sa ni, na kori mutane da gaisuwa kafin in gane. Me kike gani ya kawo ni wannan ƙuryar?"

Abin ya yi mata zafi ƙwarai, ta ji kunya har cikin ranta. Amma ba shi ne ya fi damunta ba. Saura kati huɗu a hannunta, kuma na Yaya yana ciki. A nasa katin, wurin lambar wanda za a kira, lambar marigayiya matarsa ce aka soke da jan biro, ba a rubuta wata ba. Babu abin da za ta gwada da shi. Baba kuwa saura kati uku a gabansa da bai karanto ba. Ya karanto biyu, mata ne, kuma sababbin gaske. Ya ɗauki na ƙarshe ya gyara tabarau.

"Namiji, shekara arba'in da ɗaya. Dogo ne. Wannan tunda ya zo bai makara ko da kwana ɗaya ba, jininsa ma an auna, lafiya lau. Rubuta lamba."

Ya fara karantowa, tana rubutawa kamar yadda ta yi tun safe, ba tare da tunani ba. Ta rubuta lambobi shida, a na bakwai hannunta ya tsaya. Sauran ba sai an faɗa mata ba, lambar wayar da ke cikin jakarta ce.

Baba bai lura ba, yana ta duba katin. "An rubuta ƙanwa. Na tuna shi ma, don nas ta shigo tana ba ni labari. Wai ya ce kada a kuskura a kira ta a kan ƙaramin abu, tana da saurin kuka. Amma in abin ya gagara, ita za a kira, ba wani ba."

Ya ɗago kai ya ga fuskarta. Ya kalli takardar da ke gabanta, ya kalli katin da ke hannunsa. Tsohon ma'aikaci ne, bai tambaye ta komai ba. Ya kife katin a tebur, ya miƙe ya ce bari ya je ya samo musu ruwan sha, famfon yana da nisa. Ya fita ya ja ƙofa, kuma ya daɗe bai dawo ba.

Da yamma suka gyara rahoton. Goma sha huɗu ta koma uku, goma sha tara ta koma takwas. Malam Jimla da aka karanta masa a waya sai da ya sa aka maimaita, aka ji yana buga tebur don murna, sannan ya tuna da kansa ya ce ukun nan fa a ci gaba da nemansu, mutane ne. Auta ta ce za a nema. Da ta koma ta mai da katunan, ta roƙi Babbar Nas a ɗauke teburinta daga bakin ƙofa a kai shi ɗakin ajiya na baya. Babbar Nas ta ce ɗakin ba taga, zafi zai dafa ta. Ta ce ta ji ta gani.

Daga nan ba gida ta nufa ba, shagon Yaya ta bi. Ta same shi shi kaɗai yana goge wata ƙofa, ƙurar katako ta yi masa fari a gira. Ta gaishe shi, ta share wani guntun katako ta zauna. Rantsuwarta tana nan, ba za ta ce ta ga komai ba. Ta daɗe tana juya wayarta a hannu.

Ya ce, "Yau kuma daga ina? Ko kujerar Inna ce ta sake karyewa?"

"A'a. Wucewa nake na ce bari in leƙo." Ta ɗaga wayar. "Yaya, wayar nan tawa fa kullum a kunne take. Ba na kashe ta, kuma ba zan canza lambar ba."

Hannunsa ya tsaya a kan ƙofar. Bai juyo ba. Ya hure ƙurar da ke kan katakon, ya shafa wurin da tafin hannu, ya sake shafawa, alhali wurin ya riga ya yi sumul.

Ya ce, "Na sani, Auta. Shi ya sa na ba da ita."

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan wayar. Ya ciro tsumma mai tsabta daga aljihu ya miƙa mata ta baya.

"Kin gani ko? Ai na faɗa musu halinki. Share fuskarki ki zo ki riƙe min gefen ƙofar nan, tun safe nake fama da ita ni kaɗai."